Zagayen Tafkin Biwa: Hikone, Azuchi da Fataken Omi

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa mai saurin nan na Shinkansen daga Tokiyo zuwa Kiyoto ya ratsa ta jihar Shiga, ko ya sani ko bai sani ba. Galibin baƙi ba sa sauka. Gonakin shinkafa ne ke wucewa ta taga, sai tsaunin Ibuki, kafin mutum ya ankara an shiga Kiyoto. Ɗan yayata da ke karatu a can shi ya kafe sai mun koma baya mun ga yankin da ƙafa. "Kawu, kai da ke son tarihin sarauta," in ji shi, "in ka tsaya a Kiyoto kaɗai, ka kama reshe ka bar tushe."

Omi shi ne tsohon sunan Shiga. A tsakiyarta tafkin Biwa yake kwance, tafki mafi girma a Japan, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 670, ya cinye kashi ɗaya cikin shida na jihar. Manyan hanyoyi biyu da suka taso daga gabas, Tokaido da Nakasendo, a garin Kusatsu na Omi suke haɗuwa kafin su shiga Kiyoto. Shinkafa da kifin da aka ɗauko daga gaɓar tekun arewa kuwa a kwale-kwale ake loda su, su ratsa tafkin zuwa Otsu. Wanda ya riƙe Omi ya riƙe maƙogwaron Kiyoto, babban birni na wancan zamani. Shi ya sa a wannan jiha guda aka ƙidaya kufan ganuwoyi da sansanonin yaƙi sama da 1,300.

Da Hikone muka fara. Lokacin kaka ne, ganyen itatuwa ya rikiɗa ja da rawaya, ga wani sanyi mai ratsa riga da ke tasowa daga ruwa. Daga tashar jirgi hanya miƙaƙƙiya ce har bakin gwalalon da ya kewaye fadar, cike da ruwa. A ƙofar tasha akwai mutum-mutumin wani barde bisa doki, kwalkwalinsa da dogayen ƙahoni biyu. Ii Naomasa ke nan, ɗaya daga cikin manyan sarakunan yaƙin Tokugawa Ieyasu. Rundunar Naomasa ce ke sa jan sulke tun daga kai har ƙafa don a gane su daga nesa. A shekarar 1600 aka gwabza yaƙin Sekigahara a wani kwari da ke bayan tsaunukan gabas, ba nisa da nan. Ieyasu, wanda daga nan ya kafa mulkin gidan Tokugawa a kan Japan, ya ci nasara, ya ba Naomasa ƙasar babban abokin gabarsa Ishida Mitsunari. Naomasa bai daɗe yana cin moriyarta ba, ya rasu a 1602 bayan raunin harsashi da ya samu a fagen daga. A zamanin 'ya'yansa aka gina fadar, kusan shekara 20 ana aiki, aka kammala a 1622.

Ginin bai yi mini kwarjini daga ƙasa ba, don hasumiyarsa hawa uku ce kawai. Sai da muka fara hawa na gane irin tunanin da aka zuba a ciki. Matakalar dutsen ba ta da ma'auni ɗaya: wannan taki gajere, na gaba dogo, wani ya karkace. Da gangan magina suka yi haka, don maharin da ya taho a guje ya rasa daidaiton ƙafarsa, idonsa ya koma ƙasa. Can sama hanyar ta shige wani rami da aka datse tsaunin da shi, bango na dutse dama da hagu, gadar katako kuma a bisa kanka. Dole ka bi ta ƙarƙashin gadar, ka juya, ka hau wani tudu, sannan ka dawo ka taka ta kafin ka isa ƙofa. Duk wannan zagaye kana tsirara a idon masu kibiya da bindiga. In abin ya ƙazanta kuma, sai su karya gadar.

A ƙofar hasumiya ake cire takalmi, a ba ka leda ka riƙe abinka. Daɓen katako ne, ya yi santsi don tsufa, sanyinsa na ratsa safa. Matakalar ciki ta kusa zama tsani, sai an kama da hannu biyu. Na daɗe ina kallon azarar rufin: manyan gungumen itace ne da ba a miƙar da su ba, kowanne da lanƙwasarsa kamar yadda ya tsiro, an sassaƙa an saƙa su cikin juna. Wani dattijo mai aikin sa kai ya nuna mana ramukan harbi a jikin bango, masu kusurwa uku na bindiga, dogaye na kibiya. Daga waje ba za ka gan su ba, an shafe su da farar ƙasa. Ranar buƙata ce za a fasa daga ciki. Ranar ba ta taɓa zuwa ba. Ba a taɓa kai wa Hikone hari ba, gidan Ii suka zauna a cikinta har ƙarshen mulkin Tokugawa.

Abin da ya kusa cinye ta zaman lafiya ne. Bayan an mayar wa Sarki Meiji da mulki, gwamnati ta ba da umarni a 1873 a rabu da yawancin irin waɗannan fadoji, aka yi ta sayar da su a kuɗin itace. Hikone ma an sa ta a layi. A 1878 Sarkin ya biyo ta yankin a rangadi, aka roƙe shi, ya ce a bar ta. Waɗanda suka tsallake wannan guguwa kuma bama-baman 1945 suka ƙone da dama, har da ta Nagoya da ta Hiroshima. Yau hasumiyoyi 12 ne kacal suka rage na asali a duk faɗin Japan, biyar daga ciki aka ba su matsayin dukiyar ƙasa: Himeji, Matsumoto, Inuyama, Matsue da Hikone. Na shiga ta Osaka kafin nan. Kyakkyawa ce daga nesa, amma da kankare aka sake gina ta a 1931, har da na'urar hawa bene a ciki. Wanda ya dafa katakon Hikone zai ji bambancin a tafin hannunsa.

Daga tagar sama tafkin ya buɗe, ruwa har iyakar gani, tsaunukan yamma sun yi shuɗi-shuɗi a ƙetare. Muna saukowa aka buga ƙararrawar lokaci, wadda har yanzu ake bugawa da hannu sau biyar a yini. Ita ta tuna mana da azahar. Muka sami gefe a filin ciyawa bayan gwalalo muka shimfiɗa darduma. Alƙibla a nan yamma take, ta ɗan karkata arewa. Ba wanda ya tsaya kallonmu, sai wata tsohuwa da ta ja karenta ta canja hanya don kada ta gifta ta gabanmu.

A wajen gwalalon akwai wani ƙaramin gida da na fi jimawa a ciki fiye da lambun sarauta na Genkyuen, duk da kyawun lambun. Nan Ii Naosuke ya yi ƙuruciyarsa. Ɗa na 14 ne a wurin mahaifinsa, ba wanda ya sa masa ran sarauta, aka ajiye shi a wannan gida da ɗan abin masarufi tun yana ɗan shekara 17 har ya kai 32. Ya duƙufa kan ladubban shan shayi, da waƙa, da karatun addininsu. Mutuwa ta yi ta ɗaukar na gabansa har sarautar Hikone ta faɗo kansa, a 1858 kuma ya zama babban wazirin gwamnatin Tokugawa. A shekarar ya amince da yarjejeniyar ciniki da Amurka ba tare da izinin Sarki ba, sannan ya bi masu adawa da ɗauri da kisa. A watan Maris na 1860, ana zubar dusar ƙanƙara, wasu barade 18 suka tare ayarinsa a ƙofar Sakurada ta birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, suka kashe shi. A Hikone ana girmama shi a matsayin wanda ya buɗe ƙasa kafin a buɗe ta da igwa. A wasu yankunan azzalumi ake kiransa. Ni dai da na tsaya a ɗan ɗakin shayinsa, na ga hujjar kowane ɓangare: hangen nesansa gaskiya ne, jinin da ya zubar ma gaskiya ne.

Azuchi ba ta da nisa, 'yan tashoshi ne kudu da Hikone, kuma jirgi mai tsayawa ko'ina ne kaɗai ke tsayawa a can. Ƙauye ne shiru. Muka yi hayar kekuna a bakin tasha muka bi ta tsakiyar gonakin da aka riga aka girbe, har gindin wani tsauni mai duhun itatuwa da bai kai mita 200 ba. Wanda bai san labari ba zai wuce shi. A kansa Oda Nobunaga, sarkin yaƙin da ya fi kowa ƙarfi a Japan a lokacin, ya fara gini a 1576, ya tare a 1579, a fadar da Japan ba ta taɓa ganin irinta ba.

Kafin shi, ganuwa wurin ɓuya ce: ƙasa da katako a kan tsauni, hanya a murɗe. Nobunaga ya yi akasin haka. Daga ƙofa matakala ce mai faɗi, ta miƙe sambal kusan mita 180 zuwa sama, gidajen manyan hakimansa dama da hagu. Mai irin wannan hanya so yake a zo a gani. A bakin shiga akwai sanduna a cikin kwando, kowa ya ɗauka ya dogara, don takun ya kai 400 kuma duwatsun manya ne. Muna cikin hawa ɗan yayata ya riƙe hannuna. "Kawu, dubi inda za ka taka." A jikin matakalar, wani dutse ne mai sassaƙen surar Buddha, ruwan sama ya shafe fuskar, masu wucewa sun ajiye 'yan tsabar kuɗi a gefensa. Akwai irinsa da yawa. Magina sun kwaso duk dutsen da suka samu a kusa, har da na ibada da na kaburbura, suka shimfiɗa a ƙarƙashin ƙafa. Ban yi mamaki ba, don shi ne mutumin da a 1571 ya sa wuta a tsaunin Hiei, can ƙetaren tafkin, ya ƙone gidan ibadar Enryakuji da ke nan tun 788, aka kashe dubban mutane har da mata da yara.

Bangon dutsen kuwa aikin gwanaye ne. Ba a sassaƙa duwatsun sun zama murabba'i ba, kowanne an nemo masa mazaunin da ya dace da shi, an cusa ƙanana a tsakani, ba laka ba siminti. Ruwan sama na bi ta ramukan ya fice, shi ya sa bangon bai kumbura ya zube ba. Maginan Ano, daga Sakamoto a gindin tsaunin Hiei, su suka yi suna da wannan salo, har sarakunan wasu yankuna suka riƙa ɗaukarsu aiki.

A ƙololuwa ba komai sai fili da bango ya kewaye, da duwatsun harsashi sama da 100 a jere cikin ƙasa. A kansu hasumiya mai hawa bakwai ta tsaya. Hawa na kusa da ƙarshe kusurwa takwas gare shi, jajaye ginshiƙansa; na ƙarshe an lulluɓe shi da zinariya ciki da waje. An sake ƙera waɗannan hawa biyu daidai girmansu don baje kolin duniya na Sabiya a ƙasar Sifaniya a 1992, yanzu suna wani gidan tarihi a kusa da tsaunin, mun kuma je mun gani. A zamanin Nobunaga ruwa ne ya kewaye tsaunin ta gefe uku. A ƙarni na 20 aka tsotse shi aka mayar gonaki. Sai mutum ya ƙiyasta yadda zinariyar ke walƙiya a kan ruwa, musamman daren bikin tunawa da magabata na 1581 da ya sa aka rataye fitilu a jikin ginin duka. Ranar sabuwar shekara ta 1582 ya buɗe wa jama'a ƙofa su shigo kallo, kowa ya biya tsabar kuɗi 100, shi da kansa ya tsaya yana karɓa.

A wannan fili na tuna da Yasuke. Baƙar fata ne daga Afirka, wani marubuci na baya ya ce daga Mozambik, ya iso Japan a 1579 yana yi wa limamin Kirista Alessandro Valignano hidima. A 1581 aka kai shi Kiyoto, mutane suka yi ta turereniya don ganinsa. Nobunaga bai yarda launin fatarsa ba ne, ya sa aka cuɗa shi da ruwa ko tawada ce. Da ya tabbatar, sai ya karɓe shi cikin mutanensa, aka ba shi gida da albashi da gajeren takobi, wani lokaci shi ke riƙe wa ubangidansa kayan yaƙi. A watan Yuni na 1582 Akechi Mitsuhide, ɗaya daga cikin hakiman Nobunaga, ya juya masa baya, ya kewaye shi a gidan ibadar Honnoji a Kiyoto, Nobunaga ya mutu a cikin wuta. Yasuke ya yi faɗa a wannan rana har aka karɓe takobinsa. Akechi ya ce kada a kashe shi, wai ba ɗan Japan ba ne kuma bai san komai ba, aka mayar da shi wurin limaman. Daga nan sunansa ya fita daga takardu. Abin ya taɓa ni ƙwarai: ɗan nahiyarmu, shi kaɗai, nesa da duk wanda ya san sunan da uwarsa ta raɗa masa, ya hau matakalar nan da na hau.

Kwanaki kaɗan bayan mutuwar Nobunaga hasumiyar ta ƙone, masana kuma har yau suna saɓani kan wanda ya cinna wutar. Shekara uku kacal ta yi a tsaye. Hoton da aka zana na fadar a jikin labulen takarda, wanda Nobunaga ya ba Valignano, an kai wa Fafaroma Gregory na 13 a 1585, ya ɓace a Roma, jihar Shiga kuma ta sha aika masu bincike neman sa. Akwai masu son a sake gina hasumiyar. Ni ban goyi baya ba. Ginin kankare da aka ƙago da hasashe zai danne duwatsun nan, alhali su ne shaidar da ba ta ƙarya.

Mutanen garin Azuchi ba su watse a banza ba. Nobunaga ya riga ya tara 'yan kasuwa a can da dokarsa ta 1577, wadda ta cire musu haraji ta kuma karya ikon ƙungiyoyin da ke hana baƙo kasa kaya. A 1585 Toyotomi Hidetsugu, ɗan yayar Toyotomi Hideyoshi wanda ya gaji ikon Nobunaga, ya kwashe su zuwa sabon garinsa, Omi-Hachiman, tasha ɗaya daga Azuchi. Ya haƙa mashigin ruwa daga tafkin zuwa cikin gari, ya wajabta wa jiragen kaya su biyo ta nan. Shekara 10 bayan haka aka tilasta masa kashe kansa, aka rushe fadarsa, amma garin ya ci gaba, don kasuwa ta riga ta kafu.

Daga nan da garuruwan maƙwabta fataken Omi suka fito. Mutum ɗaya, sanda a kafaɗa, kaya na reto gaba da baya: gidan sauro, tabarmi, yadin lilin. Ya kai gabas ya sayar, ya saro kayan can ya dawo da su, ba ya tafiya hannu wofi ko ta wace fuska. Na tuna da kakanninmu fatake da ke kai kanwa da tufafi Gwanja su dawo da goro, waɗanda jarinsu na gaskiya amana ce a garin da ba su da dangi. Ƙa'idar fataken Omi uku ce: mai sayarwa ya ji daɗi, mai saye ya ji daɗi, garin da aka yi cinikin ma ya amfana. Wani attajirinsu, Nakamura Jihei, ya bar wa jikansa wasiyya a 1754 cewa in ya je fatauci wata ƙasa ya sa mutanen wurin a gaba, kada ya zura wa riba ido. Ito Chubei, wanda ya fara tallan lilin a ƙafa a 1858, shi ne tushen kamfanonin Itochu da Marubeni na yau. Gidajen fataken Omi-Hachiman na nan a unguwar Shinmachi, baƙin katako da farin bango, itacen fir na leƙowa ta saman katanga, ba wani ƙawa a fuska.

Mun zauna a bakin mashigin da yamma, rumbunan ajiya na farar ƙasa a jere, wani ɗan kwale-kwale mai rumfa na wucewa da baƙi. Wajen 1970 wannan ruwa ya zama juji, wari da sauro, har hukuma ta shirya cike shi a yi wurin ajiye motoci. Matasan garin suka ƙi. Suka riƙa shiga da kansu ranar hutu suna kwashe ƙazanta, ana yi musu dariya, har jama'a suka biyo su aka janye shirin.

Tafkin kansa ya ga irin wannan rana. A watan Mayu na 1977 ruwansa ya rine ja-ja yana ƙarni, saboda wasu ƙananan halittu da suka yi yawa fiye da kima. Aka gano sinadarin fosfaras da ke cikin omon wanki na daga cikin abin da ke ciyar da su. Matan gida ne suka tashi. Suka daina sayen omon, suka koma garin sabulu duk da ya fi wahalar ɗauraya, suna bi unguwa-unguwa suna nuna wa juna yadda ake wanki da shi. Kamfanonin omo suka yi ta yaƙar abin, amma a 1979 majalisar jihar ta kafa dokar hana sayarwa da amfani da omo mai fosfaras, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1980. Ba ƙaramin abu suka kare ba: mutum wajen miliyan 14 ke shan ruwan nan, har Kiyoto da Osaka, ta kogin Seta da kuma magudanar da aka kammala haƙawa zuwa Kiyoto a 1890. A ganina matan nan sun cancanci mutum-mutumi a ƙofar tasha ba ƙasa da mai jan sulke ba.

A Otsu muka ƙare, a bakin tashar jiragen ruwa. Wani farin jirgi na tsaye, yara 'yan firamare na fitowa a layi da jakunkuna a baya, malamansu na ƙirga su. Sunansa Uminoko, makaranta ce a kan ruwa. Tun 1983 kowane ɗan aji biyar a jihar Shiga ake ɗaukarsa a ciki ya zaga tafkin, ya ɗebo ruwa da hannunsa, ya duba halittun cikinsa a madubin ƙara girma, ya auna tsabtarsa. Ranar 1 ga Yuli ta kowace shekara kuma, su da iyayensu ke fitowa sharar gaɓa.